Gasayar da Akuya Ta Ƙi

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma kar wanda ya ce na yafe: matan unguwarmu a Gangara sun zuba mini ido ina yi wa ciyawar banza ban ruwa a tsakiyar fari. Har yau in muka haɗu wurin suna sai na tuna musu.

Shekarar babban farin nan ce, da ɓeraye ma suka yi ƙaura daga rumbuna, garin rogo ya zama abincin mai shi da marar shi. Ruwa ya ɗan sauka ya ɗauke. Mata suka bazu daji neman tafasa da yaɗiya. Ni kuwa ɗiyar 'yan kasuwa ce daga Gazawa, ganye a dafe na san shi, cikin ƙwaryar mai talla. Amma wa ya isa ya ce ban san abu ba? (Sai da na yi jikoki na shiga lakol, makarantar nan ta manya. Baki dai tun ina goye nake da abina.)

Ana cikin haka aka sa ranar auren Rabi, ƙanwata da na riƙe tun rasuwar innarmu. Dangin ango daga Cadawa za su zo, na kuwa rantse ba za su koma su ce gari da ruwa aka ba su a gidanmu ba.

Sai ga shi wata safiya, a tsohon jujin bayan danga, na ga wasu 'yan tsirrai sun fito, kowane ganye da yatsu biyar kamar hannun jariri. Gasaya! Na ce Allah Ya rufa asiri, kwaɗon biki ya samu. Na yanko ƙaya na kewaye. Ruwan wanke-wanke, na alwala, har wanda na jawo daga rijiyar da sai igiya ta ƙare ake jin guga ya taɓa, duk can yake tafiya. Yarana suna haɗiyar miyau na hana su tsinkar ko ɗaya.

Iya Tabawa, tsohuwar da muke danga ɗaya, ta leƙo ta ce, "Ke ɗiyar nan, abin nan da kike ta wahala a kai..."

Na ce, "Iya, wadda ta riga gani ita ke da shi. Daji bai ƙare ba."

Ta ce, "To, Allah Ya ba da sa'a."

Akwai kuma Hajjo, Bafulatanar da shanunsu suka mutu suka sauka gefen gari da akuya guda. Rannan akuyar ta keta ƙayata ta shiga. Akuyar da na gani da idona tana cin tsumma! Ta sunsuna, ta yi atishawa, ta fito. Duk da haka sai da na bi ta da muciya har bukkarsu.

Hajjo ta ce, "Yaya, ai ba ta ci ba. Ki tsaya in gaya miki mi ya sa..."

Na ce, "Don ba ta san abin arziki ba ne, gadon daji!"

Ganyen kan manne mini a yatsu in na taɓa. Na ce maiƙo ne, alamar mai kyau.

Ranar biki, gwaggon ango ta iso da hantsi. Na tara mata, na ce ita ma ta zo ta ga abin da wasu suka kasa. Na janye ƙaya. Ga su sun yi fure rawaya shar, ni kuwa har da cewa, "Ku dubi fure, kamar zinariya!"

Gwaggo ta duƙa ta tsinki ɗaya, ta murza, ta kai hanci, ta goge yatsu a zane.

Ta ce, "Yayar Rabi, gasaya ai fari take fure, kuma ba ta danƙo haka. Wannan namijinta ne. Mu a Cadawa ruwansa muke ɗiga wa mai ciwon kunne."

Iya Tabawa ta ce, "Ashe ya san gidan da ya fito, gidan wadda kunnenta ba ya ji."

Jama'a, dariyar da aka yi har wata ta zauna a ƙasa. Ni da na so ƙasar ta tsage, sai na juya kansu: "Munafukai! Kun sani kuka yi shiru?"

Iya ta ce, "Na buɗe baki kika rufe mini shi. Hajjo ta buɗe kika zagi akuyarta. Saura wa?"

Suka watse. Na shiga ɗaki na iske Rabi cikin lalle, ta ce, "Yaya, mi za a ba baƙin?" Na buɗe ƙwarya na duba: garin rogo kaɗai ke ciki.

Kafin azahar na ji sallama. Iya ce da ƙwaryar busasshiyar tafasa, wata da yaɗiya, wata da ɗan ƙuli-ƙuli a ƙulle. Ashe tun da suka ga inda na dosa kowacce take rage wa bakin 'ya'yanta tana ajiyewa. Hajjo ta zo ƙarshe da gasaya ta gaskiya, mai farin fure, daga tsohon makwancin shanunsu. Muka dafa, muka zubar da ruwan ɗaci, muka kwaɗa da gari. Baƙi suka ci har da suɗe kwano, aka tafi da Rabi kanta a sama.

Abin da na koya shi ne, mai kaifin baki ita ce ta ƙarshen jin labari, ko da labarin a bayan dangarta yake.

Washegari da sassafe na tumɓuke zinariyata, na ɗauki ƙwarya na nufi bukkar Hajjo. Na ce, "Shige gaba ki nuna mini, ganye ganye. Ni da akuya muna biye, kuma yau ita ce babba."