Ranar da Kwamfutata ta Ƙi Rubuta Harafin A

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban 'yan kasuwar shinkafa na Lolo da sabuwar kwamfutata, ina ji da kaina kamar ni na ƙera ta.

Ina da ɗan shago a Bagudo, ina zanen kati da banonin talla da tambarin buhu. Tsohuwar kwamfutata ta gaji, idan na buɗe manhajar zane sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba. Da aka sayar da albasar gonarmu ta Geza na karɓi rabona, na ce sabuwa zan saya. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, ga shi ina son wadda za ta ɗauki zane, ta kuma ɗauki wasan ƙwallo da na tseren mota (a gida dai na ce don aiki ne zalla, Allah ya yafe mini).

Wata uku na yi ina karatun firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kowa a garinmu abu ɗaya ya sani: firosesa ai-seben ta fi ai-fayif, tunda bakwai ta fi biyar. Ni kuwa na gano akwai maganar zamani. Ai-fayif ta kwanan nan tana iya barin ai-seben ta shekarun baya a hanya, kuma rarar kuɗin sai ka ƙara ma'adana da katin hoto mai ɗan ƙarfi. Na rubuta lambar firosesar da nake so a takarda, na ba wani dillali mai zuwa Kwatano can tsallaken iyaka, na ce ko harafi ɗaya ya bambanta kada ya ɗauko. Manhajoji ma na ce a saka mini su da Turanci.

Bashar, abokin hamayyata a sana'a, da ya ji labari sai da ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi ai-seben gare shi, har da ɗan tambarinta a jiki yana goge shi da hannun riga.

Ana haka ƙungiyar 'yan shinkafa ta ce tana neman wanda zai riƙa yi mata tambarin buhu da banoni na shekara guda. Aikin da zai tsayar da shagona da ƙafafunsa ke nan. Suka kira ni da Bashar, kowa ya zo ya nuna abin da ya iya. Kwamfutata ba ta iso ba sai da safiyar ranar. A tasha na buɗe ta, na duba lambar firosesa na ga daidai, na rufe na hau mashin.

An haɗa mana kwamfutocinmu da babbar talabijin a ɗakin taro. Bashar ya fara. Aka ba shi hotunan buhuna masu nauyi, kwamfutarsa ta kama huci kamar injin ban ruwa, hoto ya tsaya cak. Da aka zo kaina, kafin shugaban ƙungiya, Alhaji Garba, ya gyara zama komai ya buɗe. Na juya buhu, na canza launi, na ƙara inuwa. Alhaji ya ce, "Wagga kam tana da gudu."

Nan kaina ya kumbura. Na ce bari in nuna musu ina rubutu ba tare da kallon madannai ba. Na kafe Alhaji da ido, ina murmushi, yatsuna suna ta aiki. Niyyata in rubuta "Barka da zuwa Alhaji" da ƙaton rubutu.

Na juya na ga abin da ke kan talabijin: "Bqrkq dq wuzq Qlhqji".

Na goge na sake, ya fito haka. Na sake, haka. Bashar ya ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Halan ai-fayif ba ta jin Hausa." Maimakon in yi shiru, sai na buɗe baki na ce (har yau idan na tuna sai in rufe fuska), "Firosesar ce ta cika sauri, tana riga yatsuna."

Wata dattijuwa a sahun gaba, Hajiya Dije, wadda ta yi makaranta a tsallaken iyaka tun tana yarinya, ta taso ta leƙa. Ta ce, "Ɗana, ba sauri ba ne. Dubi hannunka. Madannan Faransanci ne, A tana sama inda kuka saba ganin Q." Na duba. Ga A can sama tana kallona, Z ta zauna a gurbin W. Wata uku ina haddace abin da ke cikin kwamfuta, ban taɓa tunanin wadda ta fito daga Kwatano da haruffan mutanen can za ta zo ba.

An yi dariya, ni ma na taya su don ba yadda zan yi. Na rubuta gaisuwar da yatsa ɗaya, ina neman kowane harafi kamar ɗan koyo. Alhaji Garba ya share hawayen dariya ya ce, "Aiki naka ne, don mun ga injin da idonmu. Amma kowane tambari sai Hajiya ta karanta kahin a buga."

Kwamfutar tana nan, zane ba ta gardama, wasa ma haka, kuma ban fasa alfahari da zaɓina ba. Sai dai yanzu duk wanda ya zo neman shawara, kafin in fara yi masa wa'azin firosesa nakan ce ya buɗe murfin ya nemo mini A tukuna.