Motar da Ta Ƙi Mutuwa a Wurin Ɗaurin Aure

Ba na jin zan manta da ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Asabar a Ƙofar Wambai. Akwai liman, akwai Alhaji Sabo waliyyin amarya, akwai Nuhu ɗan ƙanina wanda shi ne ango, ga kuma jama'a cike da tabarmi. Ni ne wakilin ango, ni zan nema masa auren da bakina.

Amma bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari a hargitse.

Ina da wata tsohuwar ƙaramar mota mai shan dizal. Ni nake mata juye, ni nake wanke matatar iska, sai abin da ya gagare ni nake kai wa bakanike. A makon bikin ta fara nawa wajen tashi. Ranar Asabar ɗin da na dawo daga masallaci, sai na buɗe bonet na tsaya ina kallon wani ɗan ƙarfe mai waya ɗaya a kan famfon mai. Na daɗe ina son in san aikinsa. Na kwance shi, na jera kayan cikinsa a faranti, na wanke, na mayar. Da na gama sai ga wani ɗan tsinken ƙarfe mai roba a baki ya rage a farantin. Na juya shi, na ce a raina wannan ai tarkace ne (ni da ko aji uku na sakandare ban gama ba, na yanke wa masu ƙera mota hukunci). Na yi wanka, na sa babbar riga da sabuwar hula. Murɗa makulli ɗaya ta tashi. Tun daga Fadaman Mada nake yaba wa kaina.

Da muka isa na shige lungun har gaban zauren, don a ga dangin ango sun zo a kan lokaci. Motocin abokan ango suka biyo baya suka toshe hanya. Na murɗa makulli, na zare shi, na fito.

Mota tana ci gaba da ƙara.

Na dubi makullin a hannuna, na dubi motar. Gaskiya mamaki ya riga kunya zuwa. Na koma na sa shi, na sake zarewa. Tana nan tana kaf-kaf-kaf, hayaƙi yana bin tabarmin manyan baƙi.

Liman dattijo ne, kunnensa ya yi nauyi. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ba zan ɗaura auren da shaidu ba su ji abin da aka faɗa ba. Kuma ana jirana a wani ɗaurin auren. In ba ta yi shiru ba, sai wani makon."

Nuhu ya matso, goshinsa duk gumi. "Baffa, don girman Allah."

"Koma ka zauna. Komai da tsarinsa."

Na fara da batir. Na cire kansa, ba ta ko yi tari ba. (Wallahi har a lokacin sai da na tsaya ina tunanin inda take samun rai.) Na shiga na taka birki, na sa giya, na saki kuloci don ta shaƙe. Kulocin ya tsufa, sai ya yi ta sulɓewa yana warin ƙuna. A janye ta kuma babu hali, masu motocin baya sun bazu cikin taro.

Alhaji Sabo ya taso yana gyara rawani. "Kai Bafulatani, ashe ba a raba ku da kiwo. Wannan saniyar taka ba a ba ta dusa ba ne take kuka?"

"Alhaji, saniya ai tana jin magana."

"To yi mata fulatanci mana!"

Aka kwashe da dariya. Liman kuwa ya fara laluben takalminsa, na ga idon Nuhu ya kawo ruwa.

Sai na tsaya na yi lissafi. Wuta na cire, ba ta damu ba. Mai ban san ta inda zan tare shi ba. Saura numfashi. Na fizge robar da ke kai wa inji iska, na duba hagu da dama ban ga tsumma ba. Na cire hulata na danna a bakin.

Injin ya zuƙe hular kamar mai jin yunwa. Motar ta yi rawa, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta mutu. Wurin ya yi tsit har ana jin tattabaru a kan soro.

Haka na durƙusa gaban liman, sanƙona a fili yana sheƙi, hannun riga baƙi ƙirin, ina warin dizal. Ni da nake korar yara daga sahu in sun zo salla ba hula. Na ce ina nema wa ɗana Nuhu auren Hauwa'u. Liman ya kafa hannu a kunne ya ce in ƙara murya. Na maimaita da ƙarfi. Alhaji Sabo ya ce ya bayar, kafaɗunsa suna rawa. Na ce na karɓa, aka shafa fatiha, na shafa wa fuskata baƙin mai.

Daga baya na gane cewa ɗan tsinken nan shi yake rufe hanyar mai idan an kashe makulli. Injin dizal, muddin yana samun mai da iska, ba ruwansa da kai. Abin har yau yana burge ni. Darasin da na ɗauka shi ne, duk abin da ya rage a faranti yana da aiki, kuma ranar biki ba ranar neman ilimi ba ce.

Hauwa'u ta haihu bana, kuma an ce min bidiyon ɗaurin aurenta yana yawo a wayoyin mutane. Mai karatu, in ya iso wayarka, don Allah ka goge shi kafin jaririn nan ya yi wayo ya ga kakansa.