Bijimin da Na Zaɓa wa Ardo

Ba zan taɓa mantawa da zuwana na farko wata ruga a bayan Warra ba, ko na so mantawa ma mutanen can ba za su bar ni ba.

Lokacin ban fi wata biyu da kama aikin malamin dabbobi ba. Ni ɗan Yelwa ne, kifi muka sani a gidanmu (rufe mini ido ka miƙo tarwaɗa, zan faɗa maka ko ta kwana), amma shanu a littafi na san su. Sai dai fa na ci littafin nan, kaina kuwa ya yi girma. Ogana ya tura ni in shawo kan makiyayan su shiga shirinmu na gyara irin shanun tatsa, wato a ware bijimi mai kyawun jini ya riƙa barbara, a samu 'yan maruƙa masu nono da jure cuta. Ya gargaɗe ni cewa Ardon rugar sau ɗaya yake ba baƙo kunne, in na ɓata, shirin ya mutu a can. Na ce, "Oga, ka ɗauka an gama."

Da sassafe ɗan kabu-kabu ya sauke ni, kafin a kaɗa shanu kiwo. Ardo ya tara maza a gindin ɗorawa, mata na gefe da ƙoren tatsa. Na gyara farar rigata na buɗe baki. Na yi musu bayanin gado, yadda hali ke bin jini, yadda ƙudan tsandon bakin tafki ke kawo cutar sammore, da yadda uba ɗaya nagari ke gyara garke guda. Wallahi ni kaina na burge kaina.

Da na kai aya, Ardo ya ce, "Likita, mun ji. To ga garke nan, shiga ka hidda muna uban."

Ko gezau ban yi ba. Ina shiga idona ya faɗa kan wani farin sa, ƙato, tozo kamar tulu, jiki sumul. Na duba haƙora, na duba ido, na shafa ƙirji (gaba dai, gaba kawai, don Allah a riƙe wannan). Na dafa tozon na ɗaga murya: "Ga uban garkenku! Duk saniyar da wannan ya hau, sai kun ƙara ƙwarya."

Wuri ya yi tsit. Na ɗauka mamakin ilimina ne ya kama su. Sai na ga wata mata ta rufe fuska da faifai, kafaɗunta na rawa.

Ardo ya yi gyaran murya, cikin ladabin da ya fi mari zafi, ya ce, "Wanga, Likita? Ai shekara ukku ke nan da munka dandaƙe shi. Huɗa yake yi muna."

Dariyar da ta ɓarke har shanun suka ɗago kai. Kunya ta rufe ni, gumi ya jiƙa farar rigar nan sharkaf. Maimakon in yi shiru, sai bakina ya ce, "Ai gwada ku nake yi."

Matar Ardo, wadda kowa ke kira Inna, ta ce, "To ɗana, mun ci jarrabawa?"

Aka sake kwashewa. Na tabbata shirin ya mutu, ni na kashe shi da hannuna. Amma Inna ta aje ƙwaryarta ta ce in biyo ta. Ta nuna mini wani gajeren sa mai karkataccen ƙaho, wanda na wuce ko kallo bai ishe ni ba.

"Ga uban nan," in ji ta. "Shekarar da sammore yak kashe muna shanu, uwatai ko kwanciya ba ta yi ba. Ɗiyanshi mata huɗu nike tatsa, ko da rani ba su hana ni."

Abin da na ɓata safiya ina faɗa ke nan, ita kuwa ta daɗe tana yin sa ba allo ba alli. Na zaro littafina na ce ta faɗa mini uwar kowace saniya da yawan nononta. Da Ardo ya ga haka, sai ya ce in dawo wani mako, Inna ta riƙa faɗa ina rubutawa.

Shirin ya rayu, kuma yau ba mai ja da ni kan zaɓen bijimi a yankin nan. Sai dai har gobe in na sauka a rugar, gaisuwar farko ita ce, "Likita, bijimin naka bai haihu ba tukuna."

Tun daga ranar, kafin in yabi sa sai na tambayi mai tatsa, sannan in zaga baya in duƙa in duba da idona.