Lambar Garrett a Jikin Biskit

"Ni da karen nan, ranar da muka shiga dutse, mutanen Colorado sai dai su ga ƙurarmu."

Garrett Lindqvist ke nan, yana tsaye a tsakiyar kicin, ƙafa ɗaya bisa kujera wai yana miƙa jijiya. Matarsa Noreen tana yanka albasa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Mahaifinta, tsoho Harlan, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kiwon shanu, ya leƙo ta saman jarida ya ce in dai ƙura ce zai iya gani, don mutum in ya faɗi da tumbi irin wannan dole ƙasa ta tashi.

Bari in gaya muku wane ne Garrett. Shekararsa arba'in da shida, yana sayar wa manoma inshorar masara a wani ƙaramin gari a Iowa, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faranti, in ka hau kan bokiti sai ka hango gari na gaba. Likita ne ya ce masa ya riƙa ɗan tattaki da yamma. Tattaki kawai aka ce. Kafin sati biyu bawan Allah ya sayi takalmi mai haƙora, da agogon da ke ƙirga bugun zuciya, da riga mai robar ruwa a baya, ya kuma fara kiran kansa mai gudun dutse. Dutsen da ya taɓa hawa kuwa shi ne matakalar filin ƙwallon makarantar yaransa.

Sai kuma Biskit. Wani jan kare ne mai kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, wanda Garrett ya ɗauko daga gidan ajiye karnukan da ba su da masu su, a kan gwajin wata guda. A watan nan Biskit ya cinye takalmin cocin Noreen, ya tone mata tumatir, ya gudu da rabin kaza daga kan tebur. Noreen ta yanke hukunci: ranar Litinin za a mayar da shi.

A nan ne zancen ya daina zama wasa, domin duk cika bakin Garrett, yana son karen nan har cikin ransa. Karen ne kaɗai a gidan yake sauraron labarinsa har ƙarshe. Don haka ya roƙi Noreen alfarma ɗaya. Akwai gasar gudun dutse ranar Asabar a Colorado, mil goma sha shida, kuma ana yarda mutum ya shiga da karensa. In Biskit ya ƙare gudun nan cikin ladabi, a bar shi. Noreen ta goge hannu ta ce ta yarda, don ta san abin da ta aura.

Abin da Garrett bai taɓa lura da shi ba shi ne, kullum da tsohuwar ƙararrawar shanun Harlan Noreen take kiran mutanen gida cin abinci, kuma a duk gidan Biskit ne kaɗai bai taɓa makara ba. Kullum kuma sai wata 'yar tsoka ta suɓuce daga hannun Noreen ta faɗi gabansa, wai bisa kuskure.

Tafiyar awa goma sha biyu suka yi a mota. Garrett na tuƙi, Noreen a gefensa, Harlan da jikokinsa biyu a tsakiya, Biskit a can baya wajen kaya bisa wani tsohon bargo, domin Noreen ta rantse kare ba zai taɓa hawa mata kujera ba. Tun daga Iowa har suka ƙetare Nebraska Garrett yana yi musu lacca a kan numfashi. Wai iskar kan dutse ba ta wahalar da kowa sai rago, shi huhunsa irin na doki ne. Harlan ya ce ya taɓa yin doki mai irin wannan huhun, har yanzu yana tuna inda suka binne shi. Ƙararrawar ma an taho da ita, tunda da irinta 'yan kallo suke tarbar masu gudu a wajen ƙarewa.

Da safiyar Asabar, matar da ta shirya gasar ta hau kan akwati tana bayani: a bi ƙyallaye masu ruwan hoda da aka ɗaura a rassan itace, kada kowa ya bi masu ruwan lemo, waɗannan na masu saran itace ne. Sau uku ta faɗa. Garrett bai ji ko ɗaya ba, hankalinsa yana kan wasu sirarun samari da ke sahun gaba, ba riga a jikinsu, haƙarƙari a waje kamar a ƙirga. Nan take ya gane sirrin gudu. Ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa Noreen, farin tumbi ya fito ya gaida jama'a.

Sai matsala ta taso. Lambar gudu da fil ake maƙala ta a riga, a bayanta kuma akwai ɗan abin da ke gaya wa na'ura cewa wane ya iso. Ga lamba, ba riga. Garrett ya duba hagu ya duba dama, ya durƙusa ya maƙala ta a 'yar rigar da aka ɗaura wa Biskit. Ai tare za su shiga, in ji shi, ƙafarsa ƙafar karen.

"Yaro, ka dai ba wa mai hankalin cikinku ajiya," in ji Harlan.

"Baba, ka tanadi ƙararrawarka kawai. Awa biyu da rabi za ka gan mu."

Ya ɗaura igiyar karen a ƙugunsa, irin mai roba ɗin nan da take miƙewa ta dawo, aka busa usur.

Mil na farko Garrett ya wuce mutum arba'in, yana ɗaga musu hannu yana cewa su yi haƙuri. Mil na biyu hanya ta miƙe sama. Huhun dokin nan ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Mutum arba'in ɗin suka zo suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, kowa da fara'arsa yana ce masa yana ƙoƙari, har da wani dattijo mai sanduna biyu da ya tsaya ya tambaye shi ko a kira wani. Garrett ya ce dabara ce, yana ɓoye ƙarfinsa ne.

A rumfar shan ruwa ta mil na biyar ya tarar da tebur shaƙe da dafaffen dankali da gishiri, da kankana, da kokwamba mai tsami, da alewa kala-kala. Masu gudu suna ɗaukar ɗaya su wuce. Garrett ya ja kujera. Ya ci dankali shida, ya bi da kankana, ya kora da ruwan kokwambar nan kofi biyu domin ya karanta cewa yana hana jijiya ɗaurewa. Matar da ke rumfar ta ce masa cikin ladabi akwai sauran mutane a baya. Ta duba takardarta, ta ce a'a, ya ci abinsa, babu.

Daga nan gangara ce. Ga ciki ya cika, ga igiya a ƙugu, sai wani kurege ya gilma. Allah Ya kiyaye mu da abin da ya biyo baya. Biskit ya zabura, roba ta miƙe iya miƙewarta, sannan ta fizgo Garrett kamar an cire toshiyar kwalba. Ya yi gudun da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, hannuwa suna juyawa a iska, yana kiran duk umarnin da ya koya wa karen, zauna, tsaya, kwanta, har da wanda bai koya masa ba. Kurege ya haye itace. Biskit ya tsaya cak. Garrett bai tsaya ba, sai cikin rafi, ruwan ƙanƙara har wuya.

Da ya fito, ruwa ya tafi da takalmi ɗaya. Ya zauna ya yi nazari irin na manya, ya gano cewa igiyar ce matsalar. Kare mai horo ba ya bukatar igiya. Ya kwance ta.

Can gaba kaɗan hanya ta rabu biyu. Ƙyalle mai ruwan hoda ya nufi wani hawa mai tsayi, masu ruwan lemo kuwa, ga su nan birjik, sun bi wata gangara mai daɗi cikin inuwa. Garrett ya yi dariya shi kaɗai. Ashe akwai yanke, 'yan gari sun ɓoye wa baƙi. Biskit ya je gindin ƙyallen hoda ya zauna, yana shinshinar sawun mutane. Garrett ya kira, ya yi fito, ya tafa cinya, ya daka tsawa da muryar maigida. Kare ya dube shi da kunnen nan ɗaya a tsaye. Sai iska ta kwaso wani ɗan sauti daga can bayan dutse, ƙararrawa ce siririya. Kafin Garrett ya rufe baki, jan wutsiya kawai ya gani tana ɓacewa a saman hawa.

Ya ce ba komai, zai bi yanke ya tare shi a gaba. Ƙyallayen lemo suka kai shi wajen wata itaciya, daga ita sai wata, daga ita sai wata, duk waɗanda aka yi wa alamar sarewa. Awa biyu yana gaisawa da itatuwa. Sau uku yana wuce kututture ɗaya. Rana ta gasa masa tumbi ya yi ja kamar tumatirin da Biskit ya tone, dankali da ruwan kokwamba kuma suka fara shari'a a cikinsa. Daga ƙarshe ya zauna a kan kututturen, ya kira sunan karen har muryarsa ta dushe. Ba Litinin ba ma, tun Asabar ya rasa shi. Ya yi kuka sosai, da majina da komai, tunda ba mai gani.

Ashe akwai. Wata tsohuwa ce mai suna Lorraine, shekara saba'in da ɗaya, wadda aikinta shi ne ta biyo bayan na ƙarshe tana kwance ƙyallaye. Ita ta ji kukan ta ratso. Ta tambaye shi lambarsa. Ya ce tana jikin kare. Sai ta naɗe shi da wani siririn bargon leda mai ƙyalli kamar za a gasa dankali, ta kira babur mai ƙafa huɗu aka ɗora shi a baya tare da buhunan shara.

A hanya ya shirya labarinsa tsaf. Beyar ce ta tare su, ƙatuwar dabbar dawa mai farata, ya tsaya ya kare Biskit da jikinsa, ya ce masa ya gudu. Yana cikin ƙara wa beyar tsayi suka shigo filin ƙarewa, sai ya ji lasifika tana kiran sunansa.

"Na uku a cikin maza 'yan shekara arba'in zuwa arba'in da tara, Garrett Lindqvist daga Iowa."

Jama'a suka ɗauki tafi da shewa, ƙararrawa ta ko'ina. A bisa akwatin na uku, ga Biskit zaune, lamba a jiki, harshe a waje. Ya bi sawun masu gudu har ya jiyo ƙararrawar gidansu, ya ratsa layi a guje, na'ura ta rubuta abin da ta gani, shi kuma ya je gaban Noreen ya zauna yana jiran tsoka. Mai gasar ta ce a doka an cire Garrett, amma babu wanda ya iya cire wa karen lambar yabon daga wuya.

Garrett ya diro daga cikin shara ya rungume karen yana sumbatar kunnensa. Da ya ga idanu a kansa, sai ya miƙe, ya gyara bargon ƙyalli a kafaɗa kamar alkyabba, ya fara bayanin cewa wannan duk horonsa ne, da gangan ya tura shi gaba. Bai kai ga beyar ba Lorraine ta miƙo masa hankici ta ce ya ƙarasa share majinar.

Washegari ƙafafunsa suka sandare, ko birki ba zai iya takawa ba. Noreen ta karɓi tuƙi. Yaran da kakansu suka koma tsakiya. Wurin da mutum zai iya miƙe ƙafa ɗaya ne a motar, don haka aka kwantar da gwarzon Iowa a baya wajen kaya, bisa tsohon bargo. A kujerar gaba kuwa, wadda aka yi rantsuwa a kanta, Biskit ne zaune da lambarsa a wuya.

Sun yi nisa cikin Nebraska kafin wata 'yar murya ta taso daga baya.

"Noreen, to maganar Litinin fa?"

"Biskit ya zauna," ta ce, idonta a kan titi. "Amma zan je gidan karnukan duk da haka, in tambaya ko suna karɓar mai ƙafa biyu."

Harlan ya gyara hularsa ya rufe ido.

"Kada ki ɓata man motarki, 'yata. Ba sa karɓar wanda ba ya zuwa in an kira shi."