Rasuwar Mai Ɗamara, Rediyon Malam Tukur na Birchi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Malam Tukur na Birchi suna sanar da rasuwar rediyonsa, wanda aka fi sani da Mai Ɗamara saboda robar da ta riƙe masa murfin batir tun yana matashi.

Marigayin ya riga gidan rediyon jiharmu zuwa duniya. Ta bakinsa mutanen Birchi suka fara jin mai gabatarwa ya ambaci ƙaramar hukumarsu, Kurfi, abin da ya sa Malam Tukur ya kwana biyu yana tafiya kamar shi aka ambata. Tun daga ranar, dattawa ke shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa bayan la'asar, a ji labarai, a ji sanarwar rasuwa, a ƙaryata hasashen ruwan sama.

Mai haƙuri ne. Ya sha mari a ƙeya bai taɓa ramawa ba, kuma ya rayu da batiran da aka shanya a rana ba tare da ƙorafi ba.

Ajali ya same shi a bakin aiki. Tsuntsaye sun dami geron Malam Tukur, sai ya rataye marigayin a gona ya ƙure masa murya don su zaci da mutum. Tsuntsayen suka saba da shirin noma, hadari kuwa ya sauko, ruwa ya jiƙa shi sharkaf. Malam Tukur bai yarda da hasashen ranar ba, kamar kullum. Sabitu mai gyara a Dutsin-Ma ya buɗe cikin rediyon, ya girgiza kai. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce “shuuu”.

Ya bar eriya guda a karye, da Hajiya Rekiya, uwargida, wadda ta ce yanzu ta san mijinta yana da kunne. An so a kai sanarwa gidan rediyo, Malam Tukur ya ce da me zai ji ta.

Abin da ke cin ransa daban ne. Tun ranar rasuwar yake shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ba wanda ya zauna, kuma yana tsoron dama ba wurinsa ake zuwa ba.

Za a sa marigayin a saman kabad ranar Juma'a. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida bayan la'asar, a wannan rana da duk ranakun da ke biye. Ba sai an zo da labari ba, tabarmar tana nan.