Ranar da Na Yi wa Gangar Baba Gyara

Duk da yawan mantuwata, ba zan taɓa mantawa da yinin bikin ƙanwata Falmata ba, ranar da na tsaya gaban jama'a na yi wa mahaifinmu gyara, shekara shida bayan rasuwarsa.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Gamboru, a gefe kuma ina haɗa kiɗa a kwamfuta. Baba kuwa makaɗin ganga ne, a zamaninsa da wuya a yi biki a garinmu Yerwa ba a kira shi ba. Kaset ɗaya tak ya rage mana na kiɗansa. Da biki ya matso sai na ce bari in yi wa amarya kyauta: in ciro sautin gangar Baba in sa a sabon kiɗa, ya zama kamar shi ma ya halarta.

Na juye kaset ɗin a kwamfuta, na yanka bugun ɗaya-ɗaya, na auna tazarar da ke tsakaninsu. Sai na ga doguwar tazara da gajeriya kusan uku ne bisa biyu. Na ce to, a nan daɗin ya ɓuya. Abin da ya dame ni shi ne "kusan" ɗin nan. A kowane zagaye bugu na uku sai ya makara, wani lokaci ƙiris, wani lokaci fiye. Na yanke hukunci tsufa ne ya taɓa hannun Baba (Allah ya yafe mini), na bi kowane bugu na jawo shi na ajiye daidai kan layi.

Ranar yini, a wani ɗakin taro a GRA, na karɓi makirfo. Da na kunna kiɗan kawai na koma gefe, da sauƙi. Amma sai da na yi wa mata bayanin uku bisa biyu (har da zane a iska), na kuma sanar cewa yau za su ji gangar Baba ba kuskure ko ɗaya.

Mata suka miƙe suna gyara lafaya, suka fara irin takun nan namu na a hankali. Ba a jima ba suka soma kallon juna. Kafin ƙafa ta sauka, ganga ta wuce. Ɗaya bayan ɗaya suka koma kujerunsu. Ya Kaltum, yayar Baba, ta tambaya da ƙarfi wa ya kunna injin markaɗe. Wuri ya ɗauki dariya, Falmata ta rufe fuska da mayafi, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

Mama ta yafito ni. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce wannan ba hannun babanmu ba ne, me na yi masa? Na sunkuya na ce bugu na uku ne yake makara, shi na daidaita.

"Ba makara yake yi ba, jira yake," ta ce. "Idonsa na kan ƙafar mai rawa, sai ta sauke sannan ya buga. Ranar da aka ɗauki kaset ɗin nan ni ce a fili, da cikin Falmata wata bakwai. Ka ga ai dole ya jira."

Na koma na lalubo asalin sautin, da ƙarar tsohon kaset ɗinsa da komai, na kunna. Mama, wadda ba ta sake taka rawa ba tun rasuwar Baba, ta miƙe. Ta ɗaga ƙafa a hankali, ganga ta jira ta. Falmata ta taso tana hawaye ta riƙe hannunta, sauran mata suka bi bayansu.

Har yau ina nan kan bakana cewa akwai lissafi a cikin kiɗa. Sai dai na koyi abu ɗaya: in ka ga babba ya makara, kafin ka gyara masa, fara tambaya wa yake jira.