Ranar da Na Leƙa Ƙafar Matar Yayana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara taka ƙasar Sin ba, kuma ko na so in manta akwai wadda ba za ta bar ni ba. Har yau idan muka yi waya, kafin ta tambayi lafiyar iyalina sai ta ce, "Auta, ƙafafuna suna gaishe ka."

Bari in faro muku daga tushe. Yayana Sani ya daɗe a Guangzhou, yana da ɗan ofis a ginin Tianxiu inda yake tura wa 'yan kasuwar Kano takalma da jakunkuna. A can ya auri 'yar ƙasar, ta musulunta, aka sa mata suna Maryam. Hajiyarmu kuwa ko sunan ba ta son ji. Hoton biki ɗaya da Yaya ya turo, amarya cikin lulluɓi da kwalliyar da ta rufe fuska, Hajiya ta sa aka goge shi daga wayar kowa a gidan. Da labari ya zo cewa matar tana da juna biyu, Yaya ya roƙi a bar shi ya kawo ta gida a yi suna a Kano. Bayan kwanaki Hajiya ta kira ni ɗakinta.

"Kai za ka je ka ganta da idonka," in ji ta. "Abin da ka faɗa mini da shi zan yi aiki. In ka ce mutuniyar kirki ce, ta zo. In ka ga wani abu, kada ka ɓoye mini."

Ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba, sai ga ni an ɗora mini makomar aure. (Na ji daɗin muƙamin, ba zan yi muku ƙarya ba. Har sabuwar hula na saya.)

Ana gobe zan tafi Gwaggo Talatu ta zo sallama, ta ja ni gefe ta yi mini nata guzurin. Ta ce ƙasashen nan da ba a jin kiran salla cike suke da mutanen ɓoye, kuma sun fi son wurin ruwa. Ta ce suna ɗaukar kamannin wanda ka sani, su kira ka da sunan gida, amma abu biyu ne ke tona su: ba kowa ke ganinsu ba, kuma ƙafarsu kofato ce. Na yi dariya na ce Gwaggo ke nan. Ashe maganar ta samu wuri ta zauna.

Yaya bai samu zuwa tarbata ba, masana'antar da ke yi masa takalma ta ɓata masa kaya yana can yana fama. Wani direba ɗan zangon Kumasi ya ɗauke ni, ya ce Yaya ya kama mana masauki a wani otal na shaƙatawa a cikin duwatsu, bayan gari, don a karrama ni. Ya ce in huta, Yaya da madam za su iso da yamma. Ya ajiye ni ya juya. Na ciro waya in sanar da gida na sauka, sai na tarar saƙo ba ya fita, ba ya shigowa. Babu wanda ya gaya mini cewa a ƙasar nan manhajojinmu ba sa aiki.

Sannan na dubi wurin da kyau. Ruwan zafi ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa, tafki bayan tafki, tururi ya rufe ko'ina har ba ka ganin bishiyar da ke gabanka. Ni da aka raine ni a kan cewa ko ruwan shayi za ka zubar sai ka yi bisimilla kada ka ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye, yau ga ni a inda ƙasar da kanta take tafasa. Ana yayyafi. Mutane cikin fararen riguna iri ɗaya suna ɓullowa daga cikin tururin su sake ɓacewa, babu mai magana da ƙarfi, ga wani kiɗan sarewa da ban san daga inda yake fitowa ba.

Ina tsaye a barandar shan shayi, na ji murya a bayana.

"Auta? Sannu da zuwa, ɗan nan. Ya gajiyar hanya? Ya ka baro su Hajiya?"

Na juya. Mace ce 'yar Sin, fara sol, cikin doguwar riga mai launin toka da ta share ƙasa, da ɗan mayafi. Ban ji takunta ba. Kuma Hausar da ta fito daga bakinta ba irin ta masu koyo ba ce, Hausar tsofaffin cikin gari ce, irin ta Gwaggo Talatu sak. (Daga baya na gane a bakin Hajiyoyin da ke zuwa sarin kaya ta koya, shekara da shekaru tana raka su kasuwa.)

"Ni ce Maryam, matar Yayanka. Na kasa haƙuri har yamma, na hau mota na riga shi. Kai ne na farko a dangin mijina da zan gani."

Na amsa gaisuwar da ƙyar. An ce za su zo tare, ga ta ita kaɗai. Na ce wa raina kada ka zama baƙauye, zauna.

Muka zauna. Wata ma'aikaciya ta zo ta rusuna mini har ƙasa, ta ce "lawban," wato maigida, ta ajiye butar shayi da kofi ɗaya. Ɗaya tak, a gabana. Ko kallon kujerar da ke fuskantata ba ta yi ba. Maryam ta yi mata magana da yarensu a hankali. Yarinyar ta wuce kamar iska ce ta kaɗa.

Na ce wataƙila ba ta ji ba. Wani ya kawo ɗan tawul mai ɗumi na goge hannu, shi ma ɗaya. Aka kawo takardar abinci, aka miƙo mini, ni da ban san ko ta ina ake fara karanta ta ba. Maryam ta ɗaga hannu ta kira wani saurayi da ke wucewa. Idonsa ya bi ta kanta ya sauka a kan bango, ya dawo kaina, ya yi mini murmushi. Na lura har mutanen da ke teburin kusa, in sun dubo wajenmu ni kaɗai suke kallo, sai su kau da kai su yi ƙus-ƙus.

Ita kuwa ba ta fasa hira ba. Ta tura mini kofin ta ce in sha, ita ba ta jin ƙishi. Ba ta ci komai ba, ba ta sha komai ba. Ta tambaye ni ko tabon da na ji a gwiwa ranar da na faɗo daga katangar maƙwabta yana nan. Ta tambaya ko har yanzu ina gudun ƙadangare. Ta san sunan akuyar da Hajiya ta yi kiwo muna yara. Duk abin da ta faɗa sai in ji sanyi ya ratsa bayana, alhali zufa nake yi. Tururi yana shigowa barandar yana rufe ta rabi, sai fuskar kawai nake gani tana murmushi.

Ba kowa ke ganinsu ba. Saura shaida ta biyu.

Jama'a, da girmana, da digirina, da sabuwar hulata, na ture cokali ƙasa da gangan. Na sunkuya ƙarƙashin tebur kamar mai nema, bakina yana motsi da Ayatul Kursiyyu. Rigar ta rufe ƙafafun ruf. Na daɗe a ƙasan nan ina jiran ta motsa. Har na kai hannu zan ɗan ɗaga gefen rigar, Allah ya taimake ni na tuna ko mutum ce ko ba mutum ba, wannan ba tarbiyya ba ce.

"Auta, lafiya? Ga cokalin can ta wajenka," in ji ta daga sama.

Na ɗago na buga kai da tebur, shayi ya zube. Na yi bisimilla da ƙarfi, a makare.

A daidai nan wani mai gadi cikin baƙar kwat ya nufo mu. Bai dube ni ba. Ita ya tsaya a kanta, ya zuba mata ido, ya fara magana da kakkausar murya yana nuna ƙofar fita.

Yana ganinta! Wallahi ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin nan ba. Na miƙe zumbur na kama hannun mutumin nan da hannu biyu ina girgizawa. Kalmar godiya ɗaya na koya a jirgi, na shiga zuba masa ita, "Shiye-shiye! Shiye-shiye!" Ina nuna Maryam da yatsa, ina gyaɗa kai, ina washe baki, ina cewa da Hausa, "Ita fa! Kai ma ka ganta ko? Alhamdu lillahi!"

Mai gadin ya ƙara samun ƙarfi. Ya ɗauki jakarta daga kan kujera, ya kama ta a gwiwar hannu. Barandar ta yi tsit, kowa ya juyo, yanzu kam duk suna ganinta. Fuskarta ta yi ja. Ta fizge jakar ta ciro wani ɗan jan littafi tana buɗe masa. Sai a lokacin na ga ƙafafunta, don rigar ta ɗage da ta miƙe: silifas ne na roba, da ƙafafu irin na kowa, sun ɗan kumbura irin na mai ciki.

Haka Yaya ya shigo ya same mu. Ana jan matarsa waje, ƙaninsa na cikinsu ɗaya yana riƙe da hannun mai jan yana godiya.

Abin da Yaya ya faɗa wa mai gadin da manajan da ya fito ban ji ba, da yarensu ya yi, amma na ga suna ta rusunawa. Abin da ya faɗa mini ni kuwa na ji shi sarai, ba zan maimaita shi a nan ba. Ba mu kwana a otal ɗin ba. Muka ɗauki kayana muka kama hanyar gidansu a Panyu.

A mota Yaya ya yi mini bayani, yana tuƙi yana cije baki. A irin waɗannan wurare, in aka ga 'yar ƙasa tare da baƙo, musamman baƙar fata, sai a yanke cewa mai zaman kanta ce ta biyo shi neman kuɗi. Ba za su kore ta kai tsaye ba saboda kada baƙon ya ji haushi, sai su yi kamar ba ta nan, har ta gaji ta tafi. In ba ta tafi ba a turo mai gadi. Jan littafin nan takardar aurensu ce, ba ta fita ko'ina sai da ita. Ni kuma da na tashi ina nuna ta ina godiya, abin da mai gadin ya fahimta shi ne ta dame ni, na gode da ya raba ni da ita.

Na so ƙasa ta tsage. Yaya ya ce in faɗa masa abin da ya hau kaina. Da na ga ba mafita, na faɗi gaskiya, har da Gwaggo Talatu, har da cokali.

Maryam tana zaune a baya. Sai na ji ta fashe da dariya. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, tana cewa "kofato," Yaya ma ya kasa daurewa. Na fara samun sauƙi ke nan na waiwaya, na ga hawaye ne ke zuba, kuma dariyar ta riga ta ƙare.

"Na saba da nasu, Auta," ta ce. "Tun da na auri Yayanka nake shan wannan. Yau dai na ce komai za su yi zan daure, kada ka ga an wulaƙanta ni ka je ka faɗa wa Hajiya. Shi ya sa na yi ta surutu." Ta share ido da gefen mayafi. "Mutanena sun ce ni ba matar kirki ba ce. Na sa rai dangin mijina za su ce ni mutum ce."

Na ce, "Anti, ki yafe mini," muryata kamar ta ɗan yaye. Ta ce ta yafe, amma da sharaɗi, ba za ta taɓa bari in manta ba. Ta cika alkawari.

Washegari Yaya ya haɗa ni da Hajiya ta wayarsa. Ko gaisawa ba mu gama ba ta jefo tambayar.

"To, ka ganta?"

Maryam tana tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu, ta daina motsi.

"Na ganta, Hajiya," na ce. "Tun daga kai har ƙafa. Wuri guda aka taru aka ƙi ba ta ko kofin shayi saboda ta auri ɗanki, ta zauna ta shanye don kada ranki ya ɓaci. In ba ki karɓe ta ba, ban san inda za ta je a gan ta ba."

Hajiya ta ce, "Ba ni ita."

A Kano aka yi sunan. Gwaggo Talatu ce ta yi wa mai jego wankan ruwan zafi da hannunta, kuma na tabbata ta duba ƙafafun.

Ni dai abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu idan na zauna da mutum aka kawo kofi ɗaya, ba na leƙa ƙarƙashin tebur. Mai shayin nake kira in ce ya ƙaro ɗaya.